Daga Fijo zuwa Hilux: Tarihin A-kori-kura da Sifirin Bayanta

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan ya san aikin tirela yana ƙarewa ne a bakin kasuwa. Da an sauke albasa da tattasai da buhunan wake, a-kori-kura ce ke shiga da su lunguna. Shi ya sa gardama kan wadda ta fi ba ta ƙarewa a majalisunmu. Wani ya rantse da Hilux, wani idonsa na kan Tacoma ko Tundra da aka shigo da ita daga Amurka, dattawa kuwa har gobe Fijo suke yabo. Tun da kuɗin da mutum ya yi shekaru yana tarawa ake magana a kai, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda aka faro.

Asalin motar daga Amurka ne. A 1925 kamfanin Ford ya fara sayar da Model T da bodin kaya a bayanta tun daga masana'anta, saboda manoma sun daɗe suna yanke bayan motocinsu suna kafa akwatin katako. A 1948 ya fito da jerin F-Series, kuma tun daga 1977 babu a-kori-kurar da ta kai ta ciniki a ƙasar. Chevrolet da Dodge ne manyan abokan hamayyarsa.

Waɗannan motoci na farko duk a kan sifirin faranti suke zaune, gaba da baya. Shi ne wanda muka sani: dogayen ɓallayen ƙarfe da aka jera ɗaya kan ɗaya, dogo a sama, gajeru a ƙasa, aka ɗaure su da kusa a tsakiya. Ya girmi mota ma, don tun zamanin keken doki ake amfani da shi. Aiki biyu yake yi lokaci guda. Yana ɗaukar nauyi, sannan shi ne ke riƙe aksil kada ya goce gaba ko baya. Aibinsa ɗaya ne, idan babu lodi motar tsalle take yi a gargada kamar ɗan akuya, direba ya sauka bayansa na ciwo.

Wannan ciwon baya shi ya haddasa gasar kamfanoni. A 1960 Chevrolet ta raba tayoyin gaba, kowace ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai, ta kuma sa sifirin nannaɗe a bayan ƙananan motocinta. Ford ya mayar da martani a 1965 da tsarin da ya kira Twin I-Beam, inda aka raba aksil ɗin gaba gida biyu. Abin lura a nan shi ne, a 1973 Chevrolet ta janye sifirin nannaɗe daga baya, ta koma wa faranti. Gaban ya ci gaba da canzawa, bayan kuwa ya koma inda ya fito.

Mu a Najeriya ba ta Amurka motar ta zauna mana ba, ta Faransa ce. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, masana'antar haɗa Fijo ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1975. Ko a cikin gidan Fijo an bambanta kowace da aikinta. Doguwar 504 ta fasinja, wadda ta ci hanyar Kano zuwa Legas shekara da shekaru, sifirin nannaɗe guda huɗu ne a bayanta, biyu a kowane gefe. Amma a-kori-kurar 404 da ta 504, su faranti aka sa musu. Ita ce ta ɗauki goro daga ƙasar Yarabawa zuwa tasha, ta ɗauki nama daga mayanka zuwa kasuwa, ta ɗauki 'yan biki da kayan ɗaki a tafiya guda. Wanda ya girma a Sabon Ibadan ko Agege a wancan zamani bai manta yadda take tafe ba, gaba a ɗage, baya ya kusa shafar ƙasa, amma sai ta kai.

Ƙaunar da aka yi mata ba don kyau ba ce. Idan faranti ɗaya ya karye a daji, sauran suna riƙe da ita har a iso gari. Bakanike zai kwance, ya zare karyayyen, ya sa wani, kafin la'asar ka kama hanya. Kayanta kuwa a ko'ina akwai, daga Panteka ta Kaduna har kasuwar Ladipo.

Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin talaka. Motocin Beljiyam da 'yan Kwatano suka cika gari, a cikinsu kuma motocin Japan suka sami gindin zama: Datsun da ta koma Nissan, Mitsubishi L200, Isuzu, sai uwa-uba Toyota Hilux.

Hilux ta fara fitowa a 1968, ƙaramar mota ce ba ta da wani kwarjini. A 1979 aka yi mai jan tayoyi huɗu, da aksil guda a gaba a kan sifirin faranti, daga nan sunanta ya fara tafiya. Abin da ya ƙara ɗaga sunan Toyota a wannan nahiya kuwa a maƙwabciyarmu Chadi ya faru. A 1987 sojojin Chadi suka fuskanci tankokin Libiya a hamada da a-kori-kura na Toyota, Hilux da Land Cruiser, suka ci garin Fada a farkon watan Janairu. Har yau Yaƙin Toyota ake kiran wannan yaƙi. Abin takaici, ƙarfin nan da ya sa manomi ya so ta, shi ya sa masu ɗauke da makamai a Sahel suka so ta.

Ita ma Toyota hanyar Amurkawa ta bi a gaban mota. A kasuwar Amurka ta raba tayoyin gaba tun 1986, a sauran ƙasashe aksil guda ya kai har 1997. Hilux ta 2004, wadda ake kira Vigo, ta zo da sifirin nannaɗe a gaba. Land Cruiser mai bodi ma ta samu nannaɗe a gaba a 1999. Dukansu ba a taɓa farantin baya ba.

Wasu sun sake gwadawa. Dodge Ram 1500 ta 2009 ta sa nannaɗe a baya, ta kuma karɓu, domin Ba'amurke da yawa a-kori-kura motar zuwa ofis ce a wurinsa, bodin a fayau yake kwana. Nissan ta yi haka a wasu nau'o'in Navara mai ƙofa huɗu wajen 2015, masu ɗaukar kaya suka koka cewa bayan na zama ƙasa, sai da ta sake ƙarfafa sifirin. Mercedes ta gina X-Class a kan wannan Navara a 2017, zuwa 2020 ta daina yin ta. A ganina ba nannaɗe ne ba shi da kyau ba. Yana buƙatar hannuwan ƙarfe da robobi da yawa kafin ya riƙe aksil, kuma kowace roba abar lalacewa ce a hanyar Okene.

Akwai abin da masu sha'awar motar Amurka ya kamata su sani. Tun 1964 Amurka ke karɓar harajin kashi 25 cikin 100 kan ƙananan motocin kaya da aka ƙera a waje, wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanoni ke ƙera na kasuwar can daban. Tacoma, wadda ta fito a 1995, ba Hilux ba ce da aka sauya wa suna. An yi ta ne don ta yi daɗin tuƙi a kwalta, kuma kayan gyaranta da yawa ba sa shiga Hilux. Sannan a jihohin da ake yin ƙanƙara gishiri ake zubawa a titi, gishirin kuma yana cin shasi ta ƙasa alhali fentin sama na sheƙi.

Mu ma muna da namu laifin. Ƙara faranti biyu ko uku ya zama al'ada a garejinmu, har wasu na ganin motar ta koma ƙaramar roka. Farantin da aka ƙara yana ɗaga baya ne kawai. Shasi da birki da taya suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma yawancin irin waɗannan motoci lodinsu bai wuce tan ɗaya ba. Don haka in za ka saya, ka je da bakanikenka, ku shimfiɗa kwali ku shiga ƙarƙashi. Ku ƙirga farantan dama da na hagu, ku duba ko an ƙara, ku ƙwanƙwasa shasi kusa da inda sifirin ya kama, ku nemi tabon walda a tsakanin kai da bodi, don a nan take fara tsagewa idan ta sha lodi.