Azumin bazara da ciwon ƙoda a ƙasar Maraɗi

Watan Ramadan yana zagaya yanayin shekara cikin shekaru kusan 33. A 1988 da 1989 ya faɗo a Afrilu, ya kuma komo cikinta a 2021 da 2022, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a karkarar Agye da Gazawa da Gidan Runji. Ga mai ciwon ƙoda, yinin sa'o'i goma sha huɗu babu ruwa na iya ƙarasa abin da ya rage wa ƙodarsa.

Hukuncin ya girmi asibiti. Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta hukunta wa mara lafiya ramuwa, ta kuma so tsohon da ya kasa ya ciyar da mudu guda kowace rana. Muhtasar na Halil ya tsananta: wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wajibi ne ya sha. Littattafan nan biyu ake karantawa a zaurukan malaman Tibiri da Maraɗi, amma kunyar a gan shi da kofi da rana kan rinjayi majinyaci.

Sabon abu shi ne injin wankin jini. Shekaru da dama sai a asibitin Lamorde na Yamai ake samun sa, tafiyar fiye da kilomita 600, ko a tsallaka zuwa Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya ce wankin yana karya azumi. Mai wanki sau uku a mako, kwana kusan goma sha uku ke nan ya sha kafin a ga watan Shawwal.