Tsofaffin Gonaki da Ganuwoyi na Tuddan Kudancin Ingila

A kudancin ƙasar Ingila, wajen lardunan Wiltshire da Dorset da Hampshire da Sussex, akwai waɗansu tuddai masu faɗi, ba su da tsawo ainun, ba su kuwa da duwatsu masu tsini. Ƙarƙashinsu duka farin alli ne, ƙasar da ta lulluɓe shi 'yar kaɗan ce, a wurare da yawa in mutum ya haƙa taƙi guda sai ya tarad da fari. Shekaru aru-aru aka bar yawancin tuddan nan makiyayar tumaki, gajeriyar ciyawa ta rufe su ruf, ita ce kuwa ta adana sawun aikin mutanen da suka zauna wurin tun ba a san rubutu a tsibirin ba.

Sawun nan iri uku ne. Akwai manyan ganuwoyi na ƙasa da suka kewaye kawunan tuddai, kowace da gwalalonta. Akwai dogayen ramuka da suka miƙe mil da yawa, suna hawa suna gangara. Sa'an nan akwai 'yan ƙananan gaɓoɓi a jikin gangare, kamar matakala, waɗanda mai tafiya ya kan taka ya wuce bai lura ba. Mutanen da suka zo daga baya ba su san masu aikin ba, saboda haka suka yi ta ba su suna yadda suka ga dama. Wani wuri a ce sansanin Kaisar ne, wani a ce ramin Shaiɗan, waɗansu ramukan kuma Saksonawa suka jingina su ga Grim, watau ɗaya daga sunayen gunkinsu Woden. Ganuwoyin su suka fi jan ido, su aka fi ba labari. Amma fa 'yan gaɓoɓin nan da aka raina, da yawansu sun girme su nesa ba kusa ba.

Ba gina su aka yi ba, noma ne ya haife su. Manomi ya kan shata gonarsa a jikin gangare, ya sa mata iyaka da shinge ko da jerin duwatsun da ya tsince daga cikinta. Duk shekarar da garma ta bi ta sassauta ƙasa, sai ruwan sama ya ɗan janyo ta ƙasa-ƙasa, ta zo ta tsaya jikin iyakar gindi ta taru. Can bakin sama kuwa garma na ta cin gangaren tana zaftare shi. Kaka ya noma, ɗa ya noma, jika ya noma, har tsakanin gonar bisa da ta ƙasa ya zama gaɓa, wata iyakar gwiwa, wata ta fi tsayin mutum. Don haka tsayin gaɓa shaida ne na daɗewar noma a wurin, ko da ya ke tsananin gangaren ma yana da nasa rabo.

Siffar gonakin kuma garmar ce ta kawo ta. Garmar zamanin ta itace ce, shanu ke ja, ba ta kifar da ƙasa, sai dai ta karce ta. Tilas manomi ya bi gonar a tsaye, ya komo ya bi ta a gicciye, kafin ƙasa ta yi laushin shuka alkama ko sha'ir. Wanda zai yi noma biyu haka doguwar gona ba ta yi masa amfani, shi ya sa gonakin suka zama ƙanana, tsawo da faɗi kusan ɗaya, da yawa ba su wuce eka guda ba. An ga sawun irin wannan karta a gicciye ƙarƙashin wani tsohon tudun kabari da a ke kira South Street, kusa da Avebury, wanda aka tara tun fiye da shekara 3,000 kafin haihuwar Annabi Isa.

Wanda ya fara nuna wa mutane yawan gonakin nan sosai shi ne O. G. S. Crawford. A yaƙin 1914 zuwa 1918 ya yi aikin leƙen ƙasa daga jirgin sama, a 1920 kuma aka ɗauke shi a ofishin safiyo na gwamnatin Ingila don ya riƙa sa kufai cikin taswira. Ya gane cewa da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi ƙasa, ko 'yar gaɓa ƙanƙanuwa tana da inuwa, mai kallo daga sama kuwa sai ya ga gonakin shimfiɗe kamar saƙar tabarma. A 1924 shi da Alexander Keiller suka yi ta shawagi suna ɗaukar hoto, suka buga littafinsu a 1928. Sai dai sunan da ya bazu a lokacin, watau gonakin Keltawa, bai dace ba. Haƙe-haƙen da aka yi daga baya sun nuna da yawansu an shata su tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, cikin Zamanin Tagulla, waɗansu kuma aka yi ta nomansu har zamanin mulkin Rumawa.

Hotunan sun nuna wani abu kuma. A wurare da dama gonakin ba barkatai su ke ba, iyakokinsu sun bi fuska guda, jere bayan jere, sun ƙetare kwari sun hau tudu ba su karkace ba. Gandu ɗaya ba ya yin haka shi kaɗai. Lalle jama'a ce ta zauna ta yarda da rabo, ko kuwa akwai mai iko da ya sa aka auna.

To, yaya a ke sanin wanda ya riga wani, alhali babu rubutu? Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ya yanka wani, shi ne na baya. A filin Salisbury dogayen ramukan nan sun ratsa ta tsakiyar gonaki, sun raba su ba tare da kula da iyakokinsu ba. Ke nan sa'ad da aka haƙa su, wajen shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, tsohon rabon ya riga ya rasa ƙarfinsa a wuraren, aka yanka ƙasa manya-manya. Masana da yawa sun ɗauka kiwo ne ya ƙaru, har jama'a suka bukaci iyakar makiyaya tsakaninsu. Ramukan su kan nufi wani fitaccen tudu su haɗu, kamar a Sidbury, da kuma Quarley inda Christopher Hawkes ya yi haƙa a 1938, ya tarar ganuwar kan tudun an ɗora ta ne bisa mahaɗar ramukan. Gona ta riga rami, rami ya riga ganuwa.

Yawancin ganuwoyin na Zamanin Baƙin Ƙarfe ne. Wadda ta fi suna ita ce Maiden Castle, kusa da garin Dorchester. An fara ta wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, wajen 450 aka faɗaɗa ta har ta kewaye eka 47, daga baya aka yi ta ƙara mata ganuwa bayan ganuwa, ƙofofinta kuwa aka murɗa hanyarsu don kada mahari ya shigo kai tsaye. Mortimer Wheeler ya haƙa ta daga 1934 zuwa 1937. Ya sami duwatsun majajjawa fiye da 20,000 cikin rami guda, ya kuma sami kaburbura bakin ƙofar gabas, har da wani mutum mai tsinin ƙarfe kafe a ƙashin bayansa. Wheeler gwanin ba da labari ne, ya ce waɗannan su ne suka tare rundunar Rumawa bayan shigowarta a shekara ta 43, amma masanan da suka sake duba ƙasusuwan sun nuna ba rana ɗaya aka binne su ba.

Ko cikin ganuwar ma hatsi ya fi makami yawa. A Danebury, inda Barry Cunliffe ya yi haƙa daga 1969 zuwa 1988, an tarar da dubban ramukan ajiya sassaƙe cikin alli, ga kuma guraben ginshiƙan rumbuna jere bakin hanya. A kan cika rami da hatsi a liƙe bakinsa da yumɓu. Ƙwayoyin da ke jikin bango su kan fara tsiro su shanye iskar da ke ciki, sauran kuwa su kwanta lafiya har lokacin shuka. Peter Reynolds ya gwada wannan dabara a gonar gwaji ta Butser cikin shekarun 1970, ta kuwa yi. Hatsin da ya cika ramukan daga 'yan gonakin gangare ya fito, su suka ciyad da masu haƙan gwalalo.

Abin da ciyawa ta tsare shekara dubu biyu da ɗoriya, garmar ƙarfe ta share da yawansa cikin ɗan lokaci. A yaƙin 1939 zuwa 1945 abinci ya yi wuya a Ingila, gwamnati ta matsa a nome makiyaya, bayan yaƙi kuma tarakta ta ci gaba da hawa tuddai. Ganuwoyi sun tsira saboda girmansu da dokar da ta kare su, amma gaɓoɓin gonaki aka baje su, gonaki da yawa da Crawford ya ɗauka hoto sai a hoton a ke ganinsu, ko a ɗan bambancin launin ƙasa bayan huɗa. Inda suka fi saura shi ne tudun Fyfield kusa da Marlborough, da kuma filin Salisbury, wanda Ma'aikatar Yaƙi ta fara saye a 1897 don horad da soja. Wurin da a ke harba igwa manomi bai sami shiga da garma ba, gonakin Zamanin Tagulla suna nan kwance ƙarƙashin ciyawa da iyakokinsu.