Wa ke haɗa kiranka daga Tsafe zuwa Bungudu?

A farkon tarihin tarho, mutum ne ke haɗa kira da hannu. A 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a New Haven, Amurka: ka faɗi wanda kake nema, ma'aikaci ya jona maka layinsa. A 1891 Almon Strowger ya samu rajistar na'urar da ke yin aikin da kanta.

To, tarhon gida ba ya yawo. Wayar salula kuwa yau tana Tsafe, gobe Gusau. Da GSM ta iso Najeriya a Agustan 2001, ta zo da cibiyar sarrafa kira, wato MSC. Idan ka danna lambar ƙanwarka da ke Bungudu, ƙarfen sabis mafi kusa zai miƙa buƙatarka can. Cibiyar ta tantance layinka, ta duba rajista ta ga yankin da wayar ƙanwar take, sannan ta sa ta yi ƙara. In kana cikin mota, ana miƙa kiran daga wannan ƙarfe zuwa na gaba ba tare da ka ji ba.

A Satumban 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin rufe sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga. Wayoyi lafiya ƙalau, caji cike, amma ba hanyar isa cibiya. Mai neman jin muryar ɗan'uwa ko tura kuɗi sai ya nemi inda sabis ke kamawa. A Oktoba aka maido wa Gusau nata.