Sauya firosesa yanzu ko jira: abin da mai shagon kwamfuta a Sabon Birni da Isa ya kamata ya sani

A garuruwa irin Sabon Birni da Isa da ke gabashin jihar Sakkwato, kwamfutar tebur guda a shagon buga takardu tana ɗauke da nauyin jama'a da yawa. A kanta ɗalibi ke buga takardar shiga jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, a kanta ake cike fom ɗin neman aiki, ake tsara katin biki da fastar 'yan siyasa. Idan ta fara nauyi, shawarar da aka fi ba mai ita ita ce ya sauya firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin na'urar. Sau da yawa wannan shawara asarar kuɗi ce.

Firosesa ba ta shiga kowace na'ura. Tana zama ne a wani gurbi da ke kan babban allon kwamfutar, kuma kamfanin Intel yana sauya fasalin gurbin kusan duk bayan zubi biyu. Zubi na biyu da na uku suna amfani da LGA1155, na huɗu da ya fito a 2013 yana amfani da LGA1150, na shida da na bakwai kuma LGA1151. Akwai tarko a nan: zubi na takwas da na tara ma gurbinsu LGA1151 ne, amma ba sa aiki a kan allon zubi na shida da na bakwai. Ke nan mai tsohuwar HP ko Dell ta gwanjo zai iya cire Core i3 ya sa Core i5 mai gurbi ɗaya da ita, amma ba zai tsallaka zuwa sabon zubi ba sai ya sauya allon, wani lokacin har da RAM. A ɓangaren AMD abin ya fi sauƙi, domin gurbin AM4 da ya fito a 2016 yana karɓar firosesa har zuwa Ryzen 5000 a kan alluna da yawa, idan an sabunta manhajar allon.

Lambar zubin ta ƙara muhimmanci ne saboda Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma, in ban da 'yan kaɗan, ba ya amincewa da firosesar da ba ta kai zubi na takwas na Intel ko Ryzen 2000 ba, sannan yana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0. Kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun masu amfani shirin ƙarin kariya wanda wa'adinsa shi ne 13 ga Oktoban 2026. Na'urar da ta daina samun sabuntawa ba za ta mutu ba, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano bayan nan za ta zauna a buɗe. A shagon da mutane ke barin hotunansu da lambar NIN da bayanan banki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu gyara kan ɗora Windows 11 a tsofaffin na'urori ta bayan fage, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aika musu da sabuntawa ba.

Saboda haka wanda na'urarsa ke zubi na bakwai zuwa ƙasa bai da dalilin sayen firosesa. Ko ya samu Core i7 mai kyau, yana nan a bayan layin da aka shata. Abin da ya fi masa shi ne ya tara kuɗin cikakkiyar na'ura ta zubi na takwas ko sama, inda Core i5 ta tebur ke da cibiyoyin aiki shida maimakon huɗu. Kafin nan, gyara mafi araha shi ne cire faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, a kuma kai RAM gigabait 8. Jinkirin tashi da na buɗe Word ko CorelDRAW galibi daga faifai yake, kuma SSD ɗin zai iya komawa sabuwar na'ura daga baya. Kafin a kashe ko sisi ma, a buɗe akwatin a kaɗe ƙura, a sauya man da ke tsakanin firosesa da fanka. A zafin Afrilu na ƙasar Gobir, da ke haura digiri 40, firosesa na rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai a ɗauka tsufa ne.

Jira don farashi ya sauko kuwa bai cika yi wa ɗan Najeriya rana ba. Kayan kwamfuta da dala ake shigo da su, kuma bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A ƙarshen 2025 kuma farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa.

Yankin yana da nasa lissafin da ba a yi a Legas ko Kano. Kayan da aka sayo daga nesa idan bai shiga ba, mayar da shi na nufin sake bin hanyar da 'yan bindiga suka addaba, irin wadda aka ƙona matafiya daga Sabon Birni a cikin mota a Disamban 2021. Don haka a tura wa mai sayarwa ainihin lambar samfurin na'urar, ya tabbatar kafin a biya. Sadarwa ma ba ta da tabbas: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da waɗannan biyun, kuma ba firosesar da ke buɗe shafin rajista idan babu intanet. Wanda shagonsa ke kan sola ko janareta kuma ya dubi cin wuta. Core i5 ta babban akwati ta zubi na takwas galibi an ƙera ta a kan wat 65, yayin da mai harafin T a ƙarshen lambarta, wadda ake samu a ƙananan akwatuna, take kan wat 35, bambancin da batir ke nunawa bayan la'asar.

Mai na'urar zubi na takwas ko sama da ke da Core i3, ko mai allon AM4, shi ne sauya firosesa za ta yi wa amfani yanzu, musamman idan aikinsa ya haɗa da tace bidiyo ko manyan zane-zane, irin waɗanda buƙatarsu ke ƙaruwa yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa.