Madubi ya riga iliminsa isowa Gaya

Kafin a gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a 1958, kwale-kwale ne ke ƙetarar da mutane da dabbobinsu. Fataken da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, wasunsu ta wannan yanki suke tsallake kogin Kwara, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan koli. A cikin kayan kolin nan, tsakanin allurai da duwatsun wuya, akwai ƙananan madubai. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa su cikin hajar Turai da raƙuma ke kawowa daga Tarabulus. A can Turai, kuza da zaiba ake shafa wa bayan gilashi, sana'ar da mutanen Banis suka daɗe suna ɓoye sirrinta, sai a 1835 Justus von Liebig ya gano hanyar shafa azurfa, daga baya madubi ya yi araha har ya shiga kayan ɗakin kowace amarya.

Na koyar da fizik a lise shekaru masu yawa, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kayan suka iso ta kasuwa, iliminsu kuwa ya yi dogon zagaye. Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Da Larabci ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ya kuma gwada yadda yake dawowa daga madubi shimfiɗaɗɗe da mai lanƙwasa. An juya littafin zuwa Latin, Turawa suka ɗora a kai. Jikokin fataken nan sai da Faransanci suka gamu da shi, a kan allo, da alli.

Shi ya sa idan jarrabawar bak ta matso ɗalibai sukan cika mini zaure bayan la'asar. "Mushe, ya za a ce haske ya haɗu da haske a samu duhu?" Tambayar ba ta wauta ba ce. Ita ce ta sa aka yi wa Thomas Young ca a Ingila bayan ya kawo maganar a 1801, har Augustin Fresnel ya zo da madubai biyu masu ɗan karkata ya nuna layukan haske da duhu a jere. Ɗan Gaya kuwa ya fi kowa dacewa da gane ta, don ya ga jiragen ruwa biyu sun gifta juna: inda tudun igiyar ruwa ya hau tudu sai ruwa ya tashi, inda tudu ya faɗa kwari sai ya kwanta. Launukan da ke fitowa idan man babur ya zuba a kududdufin damina ma aikin wannan karo ne, tsakanin hasken da ya dawo daga saman man da wanda ya dawo daga ƙasansa.

Nakan ba su labarin Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Sun san sunansa a jikin jami'ar Yamai, amma kaɗan ne suka san aikinsa. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana, inda ya yi ta aiki da madubai masu lanƙwasa da ke tara zafin rana wuri guda, a dafa abinci ko a tayar da inji. Lissafin da ɗaliban ke kuka da shi, shi ne sana'arsa. Tun 1964, a littafinsa kan ilimi a Afirka, ya nace a koyar da yara da harsunansu. Ya rasu a 1991.

Ina ganin ya yi gaskiya, kuma ina ƙara da cewa a sa musu kayan a hannu. Madubin kabu-kabu mai ƙundu ya isa a nuna dalilin da ya sa tirela ke fitowa ƙarama a cikinsa. Ƴar fitilar leza da silin gashi ɗaya suna zana layukan haske da duhu a bangon aji, a auna su da abin awo. Dukansu ana samunsu a kasuwar Gaya.