Alastrim: Ma'anar Kalmar da Matsayinta a Tarihin Agana

Ɗalibin da ya duba rubuce-rubucen likitoci na zamanin mulkin mallaka zai iya cin karo da kalmar alastrim. Asalinta daga harshen Fotugal ne, daga aikatau alastrar, wato bazuwa, kuma a Burazil ta samu gindin zama a farkon ƙarni na 20 kafin Faransanci da Ingilishi su are ta. Tana nufin nau'in agana mai sauƙi, wanda likitoci ke kira variola minor. Fassararta mafi dacewa ita ce ƙaramar agana.

Bambancin nau'o'in biyu yana ga yawan mace-mace. Babbar agana takan kashe kimanin 30 cikin 100 na waɗanda ta kama, ƙaramar kuwa ba ta cika wuce 1 cikin 100 ba, kuma ba kasafai take barin zanzana mai zurfi a fuska ba. Wanda ya warke daga ɗaya ya tsira daga ɗayar.

Sai dai sauƙin nata ya zame wa masu yaƙi da cutar ƙarfen ƙafa. Mai babbar agana kwanciya yake yi, amma mai ƙaramar yakan iya tashi ya shiga kasuwa yana yaɗa ta. Ga shi kuma ana rikita ta da ƙarambau, alhali cututtuka ne daban. Ƙurajen agana sun fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu, kuma tare suke nuna. Na ƙarambau sun fi taruwa a ƙirji da baya, suna fitowa kashi-kashi.

A wancan zamani wannan ruɗani yana da haɗari musamman a mahaɗar matafiya irin Fort-Lamy, wadda aka sauya wa suna zuwa N'Djamena a 1973. A da, ta nan maniyyata daga ƙasar Hausa da Borno suke ratsawa zuwa Sudan a hanyar Makka. Kuskuren suna ɗaya a bakin ma'aikacin lafiya ya isa ya sa cutar ta bi ayari ta ƙetare iyaka.

Chadi na cikin ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da suka shiga shirin rigakafin agana da ƙyanda a 1967, da tallafin Amurka. A watan Mayu na 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a yankin, a Nijeriya. Mutum na ƙarshe a duniya da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, a garin Merca na Somaliya, cikin Oktoba 1977, kuma alastrim ce ta kama shi. Ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da agana.

Saboda haka mai fassara ya kiyaye: alastrim agana ce, ba ƙarambau ba.