Daga Riƙon Weji Zuwa Riƙon Sitiyari: Yadda Muka Gaji Tuƙin Manyan Motoci

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo.

Duk ranar da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, tambaya ɗaya muke yi: me ya kai mutane ɗibar fetur? Ita muka yi bayan abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu. Ita muka maimaita bayan na Mararrabar Dikko a jihar Neja, ranar 18 ga Janairu 2025, inda aka rasa sama da mutum 80. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Tambayar tana kan hanya, ban musa ba. Amma akwai wadda ta riga ta, kuma ba mu cika yin ta ba: kafin kowa ya fito da jarka, me ya kayar da motar? Wanda ke riƙe da sitiyarin, wa ya koya masa, kuma me aka koya masa? Ku tuna da na hanyar Agaie, 8 ga Satumba 2024. Can babu wanda ya je ɗibar mai. Tanka ce ta yi taho-mu-gama da babbar mota mai ɗauke da mutane da shanu, aƙalla mutum 48 suka tafi.

Ni ba direba ba ne, amma a hannun direba na tashi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi sama da shekara talatin a kan hanyar Kano zuwa Ikko, kuma yawancin abin da na sani game da wannan sana'a daga bakinsa na fara ji. Don haka ba zagin direbobi na zo yi ba. So nake mu waiwaya mu ga yadda muka iso nan.

Da farko dai, kaya masu nauyi a ƙasar nan ba titi aka tanadar wa ba, dogo aka tanadar wa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta fara tafiya bakin teku a kansa. Dalar gyaɗar nan da muke gani a hotuna, jirgi take jira, ba tirela ba. Aikin motar ɗaukar kaya a wancan zamani gajere ne: ta kwaso gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga daga ƙauye ta kai tashar jirgi. Kuma reluwe ba ta wasa da horo. Kafin a damƙa wa mutum kan jirgi, sai ya bi matakai, ya yi jarrabawa, an duba idonsa. Mota kuwa a tasha aka koye ta.

Kawu ya fara ne a matsayin karen mota a wata roka mai bodin katako, farkon shekarun 1970. Aikinsa wanke mota, ɗaure tamfol, dafa wa maigida abinci, sai babban aiki: idan mota ta tsaya a hawa, ya diro da gudu ya cusa weji a ƙarƙashin taya kafin ta sulale baya. Ya shekara biyu bai taɓa sitiyari ba. Daga nan aka fara barinsa ya matsa da mota cikin tasha. Sai kuma ranar da barci ya ci ƙarfin maigida da tsakar dare, ya ce masa, "Kai yaro, karɓa." Wannan ita ce makarantar, wannan ita ce jarrabawar.

Kada mu raina wannan tarbiyya. Ta fitar da mutanen da ke gane ciwon inji da kunne, su kwance giya a tsakiyar daji su ɗaure, su san kowane rami daga Zariya har Jebba. Amma tana da gurbi babba. Yaro yana gadar gwanintar maigidansa, yana kuma gadar kurakuransa duka, babu mai tacewa. In maigida mai bin bayan mota ne kamar zai hau ta, haka yaronsa zai tashi, haka shi ma zai koya wa nasa yaron. Kuma ta koyar da yadda ake tafiyar da mota da yadda ake gyaranta, ba ta koyar da yadda ake hango hatsari tun bai ƙaraso ba.

Sai duniya ta juya. Kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, aka shimfiɗa tituna, aka kafa kamfanonin haɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Reluwe kuma ta fara ja da baya har ta kusa durƙushewa. Siminti, taki, hatsi, shanu, duk suka dawo kan kwalta. Shi fetur an shimfiɗa masa bututu zuwa daffo-daffo, an buɗe matatar Kaduna a 1980, don tanka ta riƙa ɗaukar mai daga kusa. Da matatu suka tsaya, bututu ya lalace, sai tanka ta koma ɗauko mai tun daga Apapa, tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ta ga Kano. Mota ta tashi daga roka ta koma tirela mai tayoyi goma sha, tafiya ta ninka, nauyi ya ninka. Horon direba shi kaɗai ya tsaya inda yake, a hannun maigida mai jin barci.

Abin takaicin, mun taɓa nuna cewa za mu iya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, ƙasa gaba ɗaya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Kafin ranar, an daɗe ana wayar da kai a rediyo da tashoshin mota. Wato da gwamnati ta so, direbobin ƙasar nan kaf sun sake hali a rana ɗaya.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci sun yi yawa, mutuwa a titi ita ma ta yi yawa. A 1952 wani mai koyar da tuƙi, Harold Smith, ya fito da tsari mai ƙa'ida biyar. A taƙaice: jefa idonka nesa, ba kan hancin motarka ba, ga dukan abin da ke kewaye da kai, kada ido ya kafe wuri ɗaya, ko yaushe ka bar wa kanka mafita, ka tabbata sauran masu hanya sun gan ka. A 1964 majalisar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta buɗe kwas na musamman a kan wannan salo, wanda ni nake kira tuƙin rigakafi. Ma'anarsa ka yi tuƙin da zai tsirar da rai ko da wani ne ya yi kuskure, ko hanya ce ba kyau, ko sama ce ta ɓaci. Ba a tambayar wa ke da gaskiya, ana tambayar ko da akwai abin da za ka yi hatsarin bai faru ba. Duk da haka, har zuwa 1986 akwai jihohin da mai lasin ƙaramar mota zai iya hawa tirela. A shekarar suka yi dokar lasin manyan motoci, ta fara aiki sosai a 1992. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun wajabta wa direban babbar mota komawa aji na awa 35 duk shekara biyar, komai tsufansa a sana'a.

To me ake koyarwa a ajin? Lissafi ne mai sauƙi, amma rai ke rataye a kai.

Lita 45,000 ta fetur ta haura tan 30, ban da nauyin motar kanta. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. In ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi. Shi ya sa ake koya wa direba ya bar daƙiƙa ɗaya a kan kowace mita uku ta tsawon motarsa, ya ƙara ɗaya in yana gudu. Ga tirela, wajen daƙiƙa shida ko bakwai ke nan tsakaninsa da na gaba. Ku lura a hanyar Kaduna zuwa Zariya ku ga nawa ne ke barin ko da biyu.

Ana koya masa cewa tanka ba kamar motar siminti ba ce. Ruwa yana motsi. In ka taka birki, man zai tunkuɗo gaba. In ka sha kwana, zai taru gefe ɗaya, ga nauyin yana sama. Tankar da ba ta cika ba ma ta fi rawa. Kwanar da ƙaramar mota za ta sha lafiya lau, a wannan gudun tanka kifewa za ta yi. Fizgar sitiyari farat ɗaya don kauce wa wani abu na iya kayar da ita, don haka maganin yana can baya: rage gudu tun daga nesa.

Ana koya masa gangara. Ka zaɓi ƙaramar giya tun kana sama, inji ya riƙe motar. In ka dogara da birki kaɗai, zai ɗau zafi ya saki. In ka yi ta dannawa kana saki ba lissafi, iskar tankin ta ragu. Kawu ya rasa abokinsa a Hawan Kibo, hanyar Jos. Ya saki mota a firi don ya rage shan dizal, da gudu ya yi yawa giya ta ƙi shiga. Mutane suka ce birki ya tsinke. Kawu ya ce birki bai tsinke ba, an tambaye shi abin da ba zai iya ba ne.

Ana koya masa wuraren da madubi ba ya nunawa: gefen dama, dab da hanci, da bayan bodi, inda mai babur ko Keke Napep ke ɓacewa ɗungum. Ana koya masa zagaya mota kafin tashi, taya, iska, fitilu, murfin tanki. Ana kuma koya masa cewa barci ba ya jin goro, ba ya jin shayi mai kauri, ƙwaya kuwa ƙara lalata lissafi take yi. A Turai doka ce: bayan tuƙin awa huɗu da rabi sai an huta minti 45.

A nan gida ma ba a zauna haka kawai ba. Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra a 1977. A 1986 aka kafa cibiyar fasahar sufuri ta NITT a Zariya. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2007 hukumar ta fito da tsarin da ya ɗora wa duk mai motocin haya biyar zuwa sama ya ajiye jami'in kula da lafiyar tuƙi, ya riƙa horar da direbobinsa. Akwai rukunin lasin na musamman, rukunin G, don tirela. Ƙa'idar hanya ta ce tanka da tirela kada su wuce kilomita 60 a awa a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi. An kawo na'urar taƙaita gudu. Bayan Dikko, daga 1 ga Maris 2025, aka hana lodin tankoki masu cin lita 60,000. A takarda kam ba mu da talauci. Amma ku shiga Tafa ko Mararrabar Jos da daddare, ku tambayi direbobi goma wa ya taɓa zama a aji.

Shi Kawu ya zauna, amma a makare. Bayan ya haura shekara ashirin a hanya, ya samu aiki a wani kamfanin dakon mai da ya ce ba mai taɓa motarsa sai ya yi kwas na kwana uku. Ya tafi yana faɗa, wai yaron da bai kai ɗansa ba ne zai koya masa tuƙi. Da ya dawo na ce, "Kawu, ya makaranta?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ashe shekara ashirin da sa'a nake tuƙi." Abin da ya fi tsaya masa a rai ƙirgen daƙiƙa ne. Har ya ajiye aiki, in muna cikin mota, sai ka ji yana ƙirgawa a hankali daga lokacin da ta gaba ta wuce wata bishiya.

Don haka ga abin da nake gani. Tsarin maigida da yaronsa ba zai mutu ba, kuma bai kamata ya mutu ba. A ɗora masa aji ne. Kada a ba kowa lasin tirela sai ya yi kwas an gwada shi a kan tirela ta gaske, kuma ya riƙa komawa duk lokacin sabunta lasin. A yi darasin da Hausa, da baki da hoto, a cikin tasha, domin da yawan gwanayen direbobinmu ba su yi boko ba, kuma wannan ba ya hana su fahimta. Ƙungiyoyin NARTO, NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG suna da hanyar isa ga kowane direba fiye da kowace hukuma. Kuɗin kuma ya fito daga masu motoci. Su ma sai an taɓa su, domin muddin ana auna wa direba dizal a ce abin da ya rage nasa ne, ana biyansa da yawan zuwa da dawowa, to an riga an koya masa sakin firi da hana ido barci, kuma wannan darasin ya fi na aji ƙarfi.

Mu ma masu ƙananan motoci da babura akwai namu. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. In ka wuce tirela ka faɗo gabanta ka taka birki, ka cinye tazarar da ya tanadar don ranka ne.

Direbobin da ke bibiyata, da 'ya'yan direbobi irina, ina so in ji daga gare ku: wa ya koya muku, kuma wane abu ne kuka gane daga baya cewa ba daidai aka koya muku ba?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai matafiya gida lafiya.